Nasiha Ga Mai Goyon Fari: Kunun Da Ke Gina Yaro

 'Yata, na san tun ranar suna ba ki rasa masu ba ki shawara ba. Wannan ta ce ki yi kaza, waccan ta ce kul, wayar hannunki ma ba ta bar ki kin huta ba. Tawa shawarar a kan abu guda take: abin da za ki riƙa zuba wa yaron nan a ciki daga ranar da ya cika wata shida zuwa ranar da za ki yaye shi.

Duk lokacin da kika dama masa kunu, ki ɗebo da cokali ki ɗan karkata. In ya tsiyaye nan take, ruwa kika dafa. In ya tsaya a cokalin yana zamewa a hankali, to kin yi abinci. Da yawa daga cikin yaranmu da ke ramewa bayan wata shida ba ƙin ci suke yi ba. Suna sha har su yi gyatsa su yi barci. Abin da suke shan ne ba shi da nauyi.

Cikin yaro ɗan wata takwas bai wuce kofin shayi ba, abin da zai ɗauka a zama ɗaya mililita 200 ne zuwa 250. Amma jikin da ya dogara da wannan ɗan cikin yana aikin da ba zai sake yin irinsa ba. Kafin yaro ya cika shekara, nauyinsa yakan kai kusan ninki uku na ranar da aka haife shi, ƙwaƙwalwarsa kuma tana girma da saurin da ba za ta ƙara yi ba. In kika cika cikin da tsinkakken koko, kin rufe wurin da abinci zai zauna. Uwa tana ganin ɗanta ya ƙoshi, jikinsa kuwa da yunwa ya kwana.

Wannan ba sabon abu ba ne. A farkon shekarun 1930 wata likita mai suna Cicely Williams, da ke aiki a asibitin yara a birnin Akara na ƙasar Gana ta yanzu, ta lura da yaran da aka cire daga nono aka bar su da kunun masara zalla. Ƙafafunsu sukan kumbura, fatarsu ta riƙa saɓulewa, da yawa su mutu. A 1933 ta rubuta bayanin ciwon, ta danganta shi da abincin. Kusan shekara ɗari ke nan, amma har yau muna ganin irin yaran nan a ɗakunan masu tamowa. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna yara 37 cikin kowane 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma adadin ya kai 57. Wannan kuwa shi ne yankin da ke cika kasuwar Dawanau da gero da dawa da wake da gyaɗa. Talauci gaskiya ne, rashin tsaro da ya hana noma a wurare da dama gaskiya ne. Amma akwai gidajen da rumbu ke cike, akuya da kaji na yawo a tsakar gida, yaro kuma yana bushewa. Irin wannan, gyaransa a madafi yake.

Kafin wata shida, nono zalla

Kada ki yi gaggawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan cewa wata shida na farko nonon uwa kaɗai ya ishi jariri, ba koko, ba dauri, ba ruwa. Za a ce miki ana zafi, yaro zai ji ƙishi. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nononki ruwa ne, kuma ruwa ne mai tsabtar da babu randar da ta kai shi. In ana zafin bazara, ke ki sha ruwa da yawa, shi kuma ki ƙara ba shi mama.

Idan ya cika wata shida za ki ga wuyansa ya tsaya, yana iya zama in an tallafe shi, yana bin lomarki da ido har ya kai hannu. Lokaci ya yi. Sai dai abincin ƙari ne a kan nono, ba madadinsa ba. Daga wata shida zuwa shekara, nono na iya ba shi rabin ƙarfin da jikinsa ke bukata ko fiye, a shekara ta biyu kuma kusan kashi ɗaya cikin uku. Likitoci sun ce a shayar har shekara biyu, addininmu ma shekara biyu ya ambata ga mai son cika shayarwa.

Haɗin gari

Hatsi shi kaɗai ƙarfi yake bayarwa, ba ya isa ya gina tsoka da jini. In aka haɗa shi da dangin wake, abin da wannan ya rasa sai wancan ya cike. Awon da ma'aikatan lafiya ke koyarwa a arewacin Nijeriya, wanda ake kira Tom Brown, mai sauƙin riƙewa ne: gwangwani shida na hatsi, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. Hatsin gero ne ko dawa ko masara, ko ki gauraya su. A Nijar da Mali da Burkina Faso akwai garin da ake kira Misola, shi ma gero da waken suya da gyaɗa ne ginshiƙinsa. In babu waken suya, farin wake ma yana yi.

Aikin farko shi ne tsinta, kuma a nan nake so ki fi ba da hankali. Gyaɗa da masarar da suka sha laima sukan yi fumfuna, fumfunar kuma tana barin wata guba da ake kira afalatoksin, mai lalata hanta da dakushe girman yaro. Suya ba ta kashe ta, tafasa ba ta kashe ta. Mun saba kai mai kyau kasuwa mu bar tsintar a gida don miya da ƙuli. Ga ɗanki ki juya lissafin. Duk ƙwayar da ta motse, ko ta yi baƙi, ko ta huje, ko take ɗaci, ki zubar, kada ki ji asara.

Waken suya ba ya son ha'inci. Ɗanyensa yana da abin da ke hana ciki narkar da abinci, shi ne ke kawo kumburin ciki da gudawa in an yi masa rabin aiki. Ki jiƙa shi ya kwana, ki murje ɓawon, ki tafasa shi sosai, ki shanya ya bushe ƙarau, sannan ki soya shi sama-sama har ƙarnin ya fita. Hatsin ki surfa, ki wanke, ki rege tsakuwa, ki shanya a kan tabarma mai tsabta inda kaji da ƙura ba sa kaiwa, shi ma ki ɗan soya har ya yi ƙamshi. Gyaɗar ki soya ki murje jan ɓawon. Ki haɗa ki kai niƙa, ki roƙi mai inji ya fara share bakin injin, don kada ragowar barkonon wata ya bi garin ɗanki. Ki tankaɗe, ki bari ya huce, ki zuba a mazubi mai murfi. Kada ki yi da yawa. Na mako biyu ya isa, domin man gyaɗar da ke ciki yakan sa gari ya canza wari in ya daɗe.

Wajen dafawa, ki dama garin da ruwan sanyi, ki zuba a tafasasshen ruwa, ki yi ta juyawa a kan wuta kamar minti goma. Wannan ba kamu ba ne da ake sheƙa wa ruwan zafi a sauke, sai ya dahu. Da kin sauke, ki sa ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa ko man shanu ko manja. Mai yana ƙara ƙarfi ba tare da ya cika ciki ba, manja kuma yana ɗauke da bitamin A mai kare ido da taimakon jiki wajen yaƙar cuta.

Za ki ce mai kaurin yana yi masa wuyar haɗiya. Kada ki ƙara ruwa. Masu kunun zaƙi sun daɗe da sanin maganin wannan, wato tsiro. Ki jiƙa ɗan gero ya kwana, ki baza shi a buhu mai laima kwana biyu har ya tsira, ki shanya, ki murje tsiron da saiwar ki sheƙe su, ki niƙa ƙwayar ba tare da kin soya ba. In kunu ya yi kauri, ki sauke ya ɗan sarara, ki barbaɗa ƙaramin cokali na garin nan ki juya. Cikin 'yan mintuna za ki ga ya saki da kansa, alhali duk garin da kika zuba yana nan ciki. Sai ki mayar wuta ya sake tafasa. Gero ya fi dacewa da wannan aiki, domin tsiron dawa yana da guba in ba a murje shi tas ba.

Abin da kunu ba zai ba shi ba

Ko da haɗin ya yi kyau, kunu ba shi ne ƙarshen zance ba. Jariri yana zuwa duniya da ajiyar sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke yin jini da shi, kuma ajiyar takan ƙare wajen wata shida. Nono ba shi da shi da yawa, na cikin hatsi kuma jiki ba ya iya zuƙarsa sosai. Shi ya sa za ki ga yaro ya yi fari fat, ba kuzari, a ce ba shi da jini. Wanda jiki ya fi karɓa yana cikin hanta da nama da kifi. Ɗan yankin hanta da bai fi yatsa biyu ba, a dafa a murƙushe a cikin abincinsa sau ɗaya a mako, yana aiki mai yawa. Busasshen kifi ki cire ƙaya, ki ɗan gasa, ki daka ya yi laushi, ki tankaɗe, ki riƙa barbaɗa cokali guda. Ƙwai ki dafa shi ya dahu sosai, ki murje fari da gwaiduwa.

Na san abin da ake faɗa a kan ƙwai, wai yana sa yaro kwaɗayi har ya kai ga ɗauke-ɗauke. Tarbiyya ce ke hana sata, ba yunwa ba. Gidan da ke da kaza ko zabuwa bai kamata ya sayar da ƙwan duka ya sayo wa yaro biskit ba.

Sai ganye da 'ya'yan itace. Zogale, alayyahu, kuka, kabewa, karas, dankali mai jan ciki, gwanda, mangwaro, ayaba, duk ana dafawa ko a murƙushe su. Ganyen zogale ki shanya shi a inuwa, ki daka, ki sa kaɗan a kunu ko fate. Lemo da gwaiba da garin 'ya'yan kuka suna taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfen da ke cikin hatsi da wake, shayi kuwa hana shi yake yi, don haka ba abin yaro ba ne. Kindirmo yana da kyau, in dai an tafasa madarar kafin a kwantar da ita. Ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka da wasu cututtukan dabbobi.

Ba sai kin ɗora tukunya ta musamman kullum ba. In kina faten wake ko faten tsaki ko miyar taushe, ki ɗebi nasa kafin ki sa barkono da gishiri da dunƙule. Tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa abinci ne, amma ki ba shi kaurin miyar da ɗan naman da aka daka, ba romon sama ba. Kuma ki zuba masa a kwanonsa shi kaɗai. Yaron da aka haɗa kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun sauke, ke kuma ba za ki san abin da ya shiga cikinsa ba.

Daga wata shida zuwa takwas, ki fara da babban cokali biyu ko uku, sau biyu zuwa uku a rana, kina ƙarawa har ya kai rabin kofi. Daga wata tara zuwa goma sha ɗaya, rabin kofi sau uku zuwa huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kuma ki rage laushin abincin don ya koyi tauna. In ya shekara, ya shiga abincin gida sosai, kusan kofi guda a kowane zama.

Abubuwan da za ki ɗage masa

Zuma magani ce ga babba, amma kada ta taɓa bakin yaron da bai shekara ba. Takan ɗauki ƙwayar wata cuta da hanjin jariri bai iya kashewa ba, wadda ke sa jikinsa ya saki har ya kasa tsotso da numfashi. Gishiri da dunƙule sun yi wa ƙodarsa nauyi. Kunun kanwa ba nasa ba ne. Sukari da lemon kwalba da alewa suna kashe masa sha'awar abincin kirki, su ɓata haƙoran da ko gama fitowa ba su yi ba. Gyaɗa da aya da gurjiya kada ki ba shi ƙwayarsu, sai an daka, domin ƙwaya ɗaya ta isa ta toshe maƙogwaro. In kika ba shi sabon abu kika ga ƙuraje sun feso, ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya canza, ki dakata ki kai shi asibiti.

Ɗura kuwa, 'yata, ina roƙonki ki bar ta har abada. A danne yaro a cinya, a toshe masa hanci, a kwarara masa koko yana kuka yana shaƙewa, wannan ba ciyarwa ba ce. Abin da ya kauce hanya huhu yake tafiya, ya zama ciwon haƙarƙari, wani yaron ma a nan take ake rasa shi. Wanda ya tsira kuma yakan tashi yana tsoron cokali. Ki zaunar da shi yana fuskantarki, ki yi masa magana, ki jira ya buɗe baki. In ya kau da kai, ki ƙyale shi zuwa an jima. Yaro na iya ƙin abu sau takwas ko goma kafin ya karɓe shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Tsabta

Lokacin da yaro ya fara cin abinci shi ne lokacin da gudawa ta fi kama shi, mu kuma sai mu ce haƙori ne. Haƙori yana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi, amma gudawa da amai daga ƙazanta suke zuwa: hannun da ba a wanke da sabulu ba, ruwan da ba a tafasa ba, ƙudan da ya sauka a cokali. Dogaro da maganin haƙori ma ya taɓa jawo mana babban rashi. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, yara 84 suka mutu a Nijeriya bayan an ba su wani maganin haƙori mai suna My Pikin da guba ta gurɓata.

Abincin da ya dahu kada ya wuce awa biyu a ajiye a zafin garinmu. Kunun da aka dama da asuba aka zuba a fulas, zuwa azahar ya zama ɗumi-ɗumi, kuma a irin wannan ɗumin ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. Ki dama kaɗan-kaɗan, ragowar ki shanye da kanki. Bulumboti yana da wuyar wankewa, kuma shi ke tilasta miki tsinka kunu don ya bi ta hujin. Kofi da cokali sun fi. In gudawa ta zo, ki ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14, ki ci gaba da nono da abinci. In ya warke, ki ƙara masa ci ɗaya a rana na mako biyu don ya mayar da abin da ya zube.

Na gwangwani fa?

Ba zan ce miki abincin gwangwani guba ba ne. Ana ƙara masa sinadarin ƙarfe da bitamin, kuma yana da sauƙi ga mai fita aiki ko mai tafiya. Amma tsadarsa kan sa uwa ta riƙa tsinka shi don ya kai ƙarshen wata, sai a koma gidan jiya. Kuma ba duk abin da ke cikin gwangwani ne alheri ba. A 2024 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta bayyana cewa Cerelac da ake sayarwa a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya yana ɗauke da ƙarin sukari, alhali irinsa da ake sayarwa a Jamus da Ingila babu. Wanda kika haɗa da hannunki kin san abin da ke ciki. Kada ki ji kin gaza don ba a ga gwangwani a kan teburinki ba.

Mutanen gida

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki zauna da maigida ki nuna masa lissafin: kuɗin katin waya na kwana biyu zai sayi ƙwan da yaro zai ci kwanaki. In ya sayo tsire ko balangu da dare, a fara cire na yaro a daka masa, inda yaji bai taɓa ba. Mu kuma mun gaji kunyar ɗan fari, har uwa takan kau da kai ta bar wa kaka komai. Kunya ado ce, amma kada ta hana ki sanin abin da ɗanki ya ci yau. In Inna ko Hajiya ta kawo zuma ko ta ce a yi ɗura, kada ki yi musu da ita a gaban mutane. Ki same ta ita kaɗai ki ce, "Hajiya, a wajen awo sun hana, sun ce a bari sai ya shekara." In da hali ki tafi da ita awon ta ji da kunnenta. Kakar da ta gamsu, ta fi kowa tsare jikanta.

In lokacin yaye ya zo, ki bi shi a hankali. Yaron da ya saba da abinci iri-iri tun yana wata shida ba ya shan wahalar yaye. Wanda aka cire rana ɗaya aka kai gidan kaka bai san komai ba sai nono da koko, shi ne ke dawowa a rame.

Kada kuma ki yanke hukunci da ido, domin kumatu na ruɗi, kumburi ma yakan yi kama da ƙiba. Ki riƙa kai shi awo kowane wata, ki duba layin katinsa yana hawa ko ya tsaya. Ki karɓar masa ɗigon bitamin A duk wata shida. In aka auna damtsensa aka ga bai kai santimita 11.5 ba, wato awon ya shiga ja, ko kika danna bayan ƙafafunsa biyu yatsa ya bar rami, wannan ya wuce gyaran madafi, ki kai shi asibiti a ranar. Maganin tamowa da ake bayarwa a can na yaron ne shi kaɗai, ba na rabawa da yayye ba, ba na sayarwa ba.

Abin da kika iya kuma kada ki riƙe shi. Ranar da za ki yi haɗin gari, ki kira maƙwabciyarki mai goyo ku yi tare, ku haɗa kuɗin wake da na niƙa, kowa ta ɗebi nata. Allah ya raya mana su, ya ba su lafiya da basira, ya sa su ji ƙanku kamar yadda kuka ji ƙansu.